Yini guda da 'yar jagora a gidajen tarihin Alkahira

Kwana takwas bayan an cire wa Baba yanar ido, likita ya ce zai iya fita, muddin zai sa baƙin tabarau kuma ba zai shiga ƙura ba. Saura mana kwana biyar a Alkahira kafin a sake duba shi mu koma Zariya. Ni malamar tarihi ce a makarantar sakandare, shekarata goma sha ɗaya ina zana dala a allo ina ba yara labarin Kogin Nilu daga littafi. Sai na ce wa Autanmu, wanda ke karatu a Azhar, ba zan bar garin nan ban ga kayan da idona ba. Zuwa dalar Giza bai yiwu ba saboda rana da ƙurar wurin, don haka Auta ya samo wani ƙaramin kamfanin yawon buɗe ido da ke da shiri na yini guda: mota da direba daga masaukinmu a Madinatu Nasar, da 'yar jagora mai lasisi, a kai mu tsohon gidan tarihi na dandalin Tahrir da safe, da yamma kuma sabon gidan tarihin wayewar Masar da ke Fusɗaɗ. Tikitin shiga a kanmu yake. Abin da muka biya kamfanin ya yi daidai da hayar ɗakinmu ta kwana uku.

A watan Fabrairun 2023 ne. Tun da na dawo, malamai 'yan'uwana da masu shirin kai marasa lafiya Masar suke tambayata ko abin ya kai kuɗinsa. Ya kai, amma saboda mutum ɗaya: matar da ta yi mana jagora. Kamfanin kansa yana da laifi biyu, zan zo kansu.

Tun a cikin mota ta fara aiki. Cunkoson safiya ya riƙe mu kusan sa'a guda, ita kuwa ta ciro taswira ta shimfiɗa a cinyarta. Tana magana da Larabci a hankali, Auta yana juya wa Baba da Hausa, in na yi tambaya ta amsa mini da Ingilishi. Ta ɗora yatsa a kan koguna: Nilu, sai Dijla da Furat a Iraƙi ta yau, sai Indus a Pakistan, sai Rawayan Kogi a Sin. Ta ce duk inda kogi ya ba manomi amfanin da ya fi ƙarfin cikinsa, rarar takan shiga rumbu. Rumbu yana buƙatar mai ƙirga, kuma yana buƙatar mai tsaro. Mai ƙirgan shi ya haifi rubutu, mai tsaron shi ya haifi soja. A birnin Uruk na Sumeriyawa, tsofaffin rubuce-rubucen da aka tono a kan allunan yumɓu, na wajen shekara ta 3200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), mafi yawansu lissafin hatsi ne da dabbobi. Birnin yana da ganuwa mai tsawon kusan kilomita 9. Ta ba mu labarin Lagash da Umma, birane biyu maƙwabta da suka yi ta gwabzawa tsara bayan tsara a kan wata fadama da ruwan da ke shayar da ita, har sarkin Lagash ya sa aka sassaƙa nasararsa a dutse wajen 2450, sojoji kafaɗa da kafaɗa a bayan garkuwoyi, ungulaye na ɗauke da kawunan matattu. Da Auta ya fassara wannan, Baba ya ce, "Rikicin iyakar gona ke nan, tun can." Shekara hamsin ya yi yana noman lambu a bakin Galma, ya ga irinsa.

Bambancin da ta nuna tsakanin ƙasashen biyu ya zauna mini. Iraƙi fili ne a buɗe, kowa na iya faɗowa, shi ya sa kowane birni ya kewaye kansa. Masar kuwa hamada ta rufe ta gabas da yamma, teku a arewa, duwatsun da suka tare kogi a kudu. Mutanenta suna kiran ƙasarsu Kemet, wato baƙar ƙasa, lakar da ambaliya ke bari, suna kiran hamada jar ƙasa. Wannan katangar da Allah ya yi musu ita ta sa suka daɗe ba su damu da sabunta makamai ba, kuma daga baya abin ya zo ya ci su.

Da muka shiga gidan Tahrir, wanda aka buɗe tun 1902, ba ta bari mun bi ayarin masu rububin zuwa wurin zinariya ba. Ta tsayar da mu kusa da ƙofa, gaban wani allon dutse mai duhu da bai wuce tsawon santimita 64 ba. Allon Narmer ke nan, na wajen 3100, an tono shi a kudancin ƙasar a 1898. Siffarsa ta dutsen niƙa kwalli ce, har da gurbin niƙan a tsakiya, amma an yi shi ne don ajiyewa a ɗakin bauta. A fuska ɗaya sarki na sanye da doguwar farar hular sarautar kudu, ya damƙi gashin wani mutum da ya durƙusa, ya ɗaga kulki. A ɗaya fuskar yana sanye da jar hular arewa, yana tafiya duba gawarwaki goma da aka jera, kowace an ajiye kanta tsakanin ƙafafunta. Na sha nuna wa ɗalibai hoton allon nan, ban taɓa lura da gawarwakin ba sai ranar. Baba ya matso da sabon idonsa har goshinsa ya kusa taɓa gilashi, ya nuna wani ɗan ƙaramin mutum a bayan sarki. "Wannan fa, me ya riƙe?" Takalman sarki ne a hannu ɗaya, da 'yar buta a ɗayan. Baba ya gyaɗa kai ya ce bafade ne. 'Yar jagorar ta ce masana sun rabu: wasu na ganin allon labarin yaƙin da ya haɗe kudu da arewa ne, wasu na ganin haɗewar ta ɗauki tsararraki, allon kuwa shela ce ta abin da ake so talaka ya sani game da sarki. Hoton sarki mai ɗaga kulki bai gushe ba ana maimaita shi a bangon ɗakunan bauta har shekara dubu uku.

Mun wuce ta gaban wani mutum-mutumin katako, mai tumbi da sanda, idanunsa na dutse mai sheƙi kamar zai yi magana. Sunansa Ka'aper, amma leburorin da suka tono shi a Saƙƙara sun ga ya yi kama da dagacinsu, suka ce masa Shaihul Balad, sunan ya bi shi har yau. Kusa da nan akwai magatakarda zaune ya tanƙwashe ƙafa, takarda a cinya, zaman da duk wanda ya yi makarantar allo zai gane. Shi ne a jikin takardar fam 200 ta Masar. Ta ciro ɗaya daga jakarta ta nuna mana.

Laifin kamfanin na farko a nan ya bayyana. Da Auta ya biya kuɗi ya gaya musu tsoho ne mai ciwon gwiwa, suka yi alkawarin keken tura marasa lafiya a bayan mota. Babu shi. Baba ya hau bene da sanda, yana hutawa, 'yar jagorar tana gefensa tana cewa "sannu-sannu, ya Hajji". Duk inda ta ga benci sai ta tsara bayaninta ya faɗo a wurin, don ya ji a zaune. Wannan ba ya cikin takardar kamfani, halinta ne.

A saman benen ne na ga abin da ya fi komai tsaya mini a rai, kuma ba zinariya ba ne. 'Yan mutum-mutumin katako ne daga kabarin wani babban bafade mai suna Meketre, na wajen shekara ta 2000 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), waɗanda aka gano a 1920 a wani ɗan ɗaki da ɓarayi suka tsallake. Akwai masaƙa cike da mata, wasu na kaɗi wasu na saƙa. Akwai shagon kafintoci, wani na tsaga katako da zarto. Akwai masunta a kwale-kwale biyu suna jan koma a tsakaninsu. Sai babban cikinsu: Meketre zaune a rumfa, ɗansa a gefe, magatakarda a jere da kayan rubutu, makiyaya na koro shanu ta gabansu, baƙaƙe da jajaye da masu roɗi-roɗi, da sanduna da igiyoyi. Kafin Auta ya buɗe baki Baba ya ce, "Jangali." Ya yi shiru, ya sake cewa, "Wallahi jangali ne. Ga hakimi, ga malaman haraji." Ya ba mu labarin yadda yana yaro Fulanin da ke zaune bayan gonarsu kan kora rabin garke cikin daji in sun ji masu ƙirga na tafe. Auta ya fassara mata, ta yi dariya ta ce a zanen kaburburan Saƙƙara akwai dagatai da ake jawowa gaban magatakarda da sanda saboda lissafinsu bai cika ba. Ta ƙara da cewa a zamanin masu gina dala, ƙirgar shanu tana da girman da har da ita ake lissafin shekarun mulkin sarki: a ce shekarar ƙirga ta kaza.

Daga wannan rumfar ta warware mana yadda al'ummar take, kuma na fi son hanyarta a kan zanen dala mai hawa-hawa da nake yi wa ɗalibai, sarki a sama manomi a ƙasa. Ita daga ƙasa ta faro. Shekara kashi uku ce, kowane wata huɗu: lokacin cikar kogi, lokacin shuka bayan ruwa ya janye, lokacin girbi. Wata kwana 30, mako kwana 10, a ƙara kwana 5 a ƙarshen shekara. Manomi na shuka alkama da sha'ir da ciyawar da ake zaren lilin da ita. Kafin girbi ma'auna kan zo da igiya su auna gona, a yanka abin da zai kai rumbun sarki ko na ɗakin bauta. Babu tsabar kuɗi; ciniki ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda ne, sai dai ana kimanta kaya da wani ma'aunin jan ƙarfe da ake kira deben. Daga rumbun nan ake biyan kowa, magini da soja da mai sassaƙa, da burodi da giyar sha'ir. In kogi ya cika gonaki sun nutse, a ɗebi manoma aikin sarki. Baba ya tambaya, aikin gayya ne ko ɗiban gwamna? Da aka bayyana mata bambancin, ta ce ya fi kusa da na biyun, don ba a tambayar ra'ayinka, amma ana ciyar da kai, kuma a 1990 an gano maƙabartar ma'aikatan dala a Giza, wasu da ƙasusuwan da suka karye aka ɗora suka warke. A saman duka akwai waziri da hakiman larduna, sai sarki, wanda aikinsa a aƙidarsu shi ne tsare abin da suke kira ma'at, gaskiya da daidaito, kada duniya ta birkice. Ta nuna mana a wayarta zanen wani mai lambu yana ɗebo ruwa da doguwar sanda mai nauyi a gindi da guga a baki. Baba bai jira fassara ba. Jigo ne, irin wanda ya yi shekaru yana ja kafin injin ban-ruwa ya zo.

Sojojin Mesehti suna nan kusa. Hakimin Asyut ne, shi ma na wajen 2000, lokacin da ƙasar ke fitowa daga zamanin da hakimai suka riƙa yaƙar juna, kuma ya sa an binne shi da runduna biyu ta katako. Mutum 40 Misirawa, layi huɗu, kowa da mashi da garkuwar fatar sa, zanen kowace garkuwa daban kamar yadda fatar kowace saniya take daban. Sai mutum 40 baƙaƙe, maharba daga Nubiya, ƙasar da ke kudu da Masar, baka a hannu ɗaya, kibau a ɗayan, wani dogo wani gajere. Na daɗe a gabansu. Ba kwalkwali, ba sulke, ba lifidi, ba takalmi, ɗan bante ne kawai. Ba doki ko ɗaya. Haka sojan Masar yake sama da shekara dubu bayan Narmer. Misirawa na kiran ƙasar maharban nan Ta-Seti, ƙasar baka, suna tsoronsu, suna kuma ɗaukarsu aiki.

Dokin daga baya ya zo, da baƙi. Wasu mutane daga yankin Sham, waɗanda ake kira Hiksos, sun zauna a arewa maso gabashin ƙasar har suka kafa sarauta a birnin Abaris wajen 1650 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A zamaninsu ne keken doki na yaƙi ya shigo, da bakan da ake haɗawa da itace da ƙaho da jijiya wanda ya fi na gargajiya nisan harbi, da takobi mai lanƙwasa kamar lauje. Ta kai mu gaban keken dokin da aka samu a kabarin Yuya, surukin sarki Amenhotep na Uku. Na zaci zan ga abu mai nauyi kamar amalanke. Ɗan siriri ne, itace lanƙwasasshe da fata. Irin na yaƙi mutum biyu yake ɗauka, mai linzami da mai harbi. A tsaye a wurin ta ba mu yaƙi biyu. A Magiddo, a yankin Sham, wajen 1457, manyan sojojin Tutmos na Uku sun ba shi shawarar bin ɗaya daga hanyoyi biyu masu faɗi, ya ƙi, ya bi matsattsiyar hanyar dutse inda doki ke bin bayan doki, ya ɓullo inda ba a zata ba. Ya ci yaƙin, amma sojojinsa suka tsaya kwasar ganima, abokan gaba suka shige birni aka rufe ƙofa, sai da aka yi wata bakwai ana zobe. Magatakardansa sun rubuta keken doki 924 cikin ganimar. A Kadesh kuma, a Siriya, wajen 1274, wasu makiyaya biyu da Hittiyawa, masu daula a ƙasar Turkiyya ta yau, suka turo sun yaudari Ramsis na Biyu cewa abokan gaba na can nesa a arewa. Ya yi gaba da runduna ɗaya cikin huɗu, aka afka wa ta biyu tana cikin tafiya, da ƙyar ya sha. Ya koma gida ya cika bangon ɗakunan bauta da labarin nasara, alhali birnin bai shiga hannunsa ba. Bayan kimanin shekara 15 ɓangarorin biyu suka rubuta yarjejeniyar sulhu, kowa da kofinsa a harshensa, kuma kwafinta na rataye yau a hedkwatar Majalisar Ɗinkin Duniya a New York. Wani abu da ta faɗa ya sa jikina ya yi sanyi: bayan yaƙi ana yanke hannun daman kowane maƙiyi da aka kashe a kai wa magatakarda ya ƙirga, a ba sojan tukuicin zinariya. A Abaris an tono ramuka da irin waɗannan hannaye fiye da goma.

Ɗakin Tutankamun mun shiga, mun ga fuskar zinariyar, mun fito. Cunkoso ya yi wa Baba yawa. Yanzu an riga an kai kayansa sabon babban gidan tarihi da ke kusa da dalar Giza, don haka mai zuwa yanzu ya tambayi inda kowane abu yake kafin ya biya. Abin da ya faranta wa Baba rai daga kabarin shi ne jin cewa cikin guzurin da aka ajiye wa sarkin har da goruba. Ta ce har aya suna ci, a kabarin wani waziri mai suna Rekmire akwai zanen masu daka ta suna haɗawa da zuma. Baba ya ce ashe dakuwa ta girmi kowa.

Laifi na biyu shi ya fi ci mini rai. Bayan mun ci koshari, shinkafa da taliya da wake ƙanana da soyayyiyar albasa, muka yi azahar, sai direba ya tsaya a wani shago ya ce "makarantar" takardar bardi ce, yana cikin shiri. An nuna mana na minti biyar yadda ake fere ciyawar, a jiƙa, a jera a gicciye, a danne. Wannan ya yi kyau. Sauran lokacin duk talla ne: a kawo shayi, a kashe fitila a nuna zanen da ke haske a duhu, a bi ka da farashi. Direban ya ɓace, bai dawo ba sai bayan sa'a guda da kwata. 'Yar jagorar ta tsaya a bakin ƙofa ba ta ce mu saya ba, kuma a fuskarta na ga ba da son ranta ba ne. Ba a gaya mana wannan tsayawar ba lokacin biyan kuɗi. Gidan Fusɗaɗ da biyar ake rufe shi. Sa'ar nan da aka ci mana ita ce ta tsohuwar marinar zamanin Faɗimiyawa da ke harabar gidan, wadda na so in gani in kwatanta da ta Ƙofar Mata, kuma ita ce ta masallacin Amru bin As da ke kusa, inda Baba ya so ya yi la'asar. Duka biyun ba mu samu ba.

Mun isa Fusɗaɗ uku ta wuce. Gini ne sabo, fili, ba hawa da yawa, a bakin wani tafki. A ranar 3 ga Afrilun 2021 aka kwaso gawarwakin sarakuna 18 da sarauniyoyi 4 daga Tahrir zuwa nan cikin jerin gwano. Kafin mu sauka ɗakin da suke, ta zaunar da mu ta tambayi Baba kai tsaye ko yana son shiga, ta ce akwai baƙi Musulmi da ba sa so, kuma akwai wurin jira. Na yaba da wannan tambayar ƙwarai. Baba ya yi ɗan tunani ya ce zai shiga, ganin kabari ma wa'azi ne. Ta yi duk bayaninta a waje, don a ciki ba a ɗaukar hoto kuma ana son shiru. Aikin busar da gawa kwana 70 ne, kusan 40 daga ciki gawar na binne cikin wani gishiri da ake haƙowa a Wadin Naɗrun. Da ta kwatanta shi, fari-fari, daga busasshen tafki, ana wanki da shi, ana sa wa a girki, ni da Auta muka haɗa baki: kanwa. Danginta ne kuwa.

Ɗakin a ƙarƙashin ƙasa yake, da duhu, hanya na lanƙwasa daga sarki zuwa sarki. Na farko shi ne Seƙenenre, sarkin Tibis, wato Luksor ta yau, wanda ya fara ja da Hiksos. Akwai tatsuniyar da Misirawa suka rubuta daga baya, wai sarkin Abaris ya aiko masa cewa kukan dorinar tafkinsa na hana shi barci, alhali tsakaninsu tafiyar kwanaki ce a jirgin ruwa. Neman faɗa dai. Tatsuniya ke nan. Abin da ke cikin gilashin ba tatsuniya ba ne. Goshinsa a fashe, wani saran a saman idon dama, wani a kumatu, leɓɓansa a ɗage haƙora a waje, hannayensa a ƙanƙame. Faɗin raunukan ya dace da bakin gatarin yaƙi irin na Hiksos, kuma hoton asibiti da aka yi wa gawar ya sa masu binciken suka ce da alama an kama shi ne aka ɗaure hannayensa kafin a kashe shi. Awa shida kafin nan na ga Narmer ya ɗaga kulki a kan wani. Ga shi nan sarki ne a ƙarƙashin saran. Na ji Baba a bayana yana salati a hankali. Matar Seƙenenre, Ahhotep, ita ta riƙe ƙasar, kuma ɗansu Ahmos shi ya kori Hiksos, da dokin da aka koya daga gare su. Daga nan Masar ta zama mai rundunar dindindin, mai fita yaƙi har bakin Furat.

Tutmos na Uku, mai Magiddo, na wuce shi kafin na ankara na dawo na karanta sunan. Hatshefsut, macen da ta yi sarauta kusan shekara 20, tana nan. Ramsis na Biyu kuwa ba ya ɓoyuwa: dogon hanci mai lanƙwasa, sauran gashi ja-ja a ƙeya. Shekara 66 ya yi a kan mulki, ya mutu yana wajen 90.

Da muka fito Baba ya yi tambayar da na san tana cikinsa tun safe. "Tambaye ta, Auta, wanne ne na Annabi Musa?" Na ga wasu masu jagora a ranar suna nuna Ramsis suna cewa ga shi nan, suna jawo aya ta 92 ta Suratu Yunus. Tamu ta ce ita ma Musulma ce, ta yarda da ayar, amma Alƙur'ani bai faɗi sunansa ba, kuma babu wani rubutu da aka tono da ya ce wane ne. Wasu na cewa Ramsis, wasu ɗansa Marnafta, wasu wani daban. "Ba zan sayar maka da abin da ba a tabbatar ba, ya Hajji." Ta ƙara da cewa kalmar Fir'auna asalinta "babban gida" take nufi, kamar yadda mu kan ce fada ta ce, sai daga baya ta zama laƙabin sarkin kansa. Baba ya ce wa Auta, "Gaya mata Allah ya yi mata albarka. Mai gaskiya ce." A wurina wannan amsar kaɗai ta biya rabin kuɗin.

Minti ashirin da suka rage ta ba Ramsis na Uku, wanda muka gani da wuyansa a naɗe. A 2012 hoton asibiti ya nuna an yanka maƙogwaronsa har ƙashi, abin da ya dace da takardun shari'ar maƙarƙashiyar da wata matarsa ta ƙulla don ɗanta ya hau. A shekara ta 29 ta mulkinsa ne masu haƙa kaburburan sarakuna, mazauna ƙauyen da yau ake kira Dairul Madina, suka ajiye kayan aiki. Albashinsu hatsi ne duk wata, buhu huɗu na alkama da ɗaya da rabi na sha'ir, ya yi ta makara. Suka fita suka zauna a bayan wani ɗakin bauta, suka ce yunwa da ƙishirwa suka kawo su, ba tufafi, ba mai, ba kifi, ba ganye, a gaya wa sarki. Shi ne yajin aiki mafi daɗewa da aka samu a rubuce. Duk malamin da ya taɓa kai ƙarshen wata na biyu yana jiran albashi ya san zaman nan. Daga ƙauyen ne kuma aka samu rajistar fashin aiki, wani kunama ta harbe shi, wani mahaifiyarsa ba lafiya, da wasiyyar wata tsohuwa mai suna Naunakte, wadda ta je gaban kotu ta cire wasu cikin 'ya'yanta takwas daga gadon dukiyarta saboda ba su kula da ita ba da ta tsufa. Mace a Masar ta dā tana mallaka, tana saye da sayarwa, tana kai ƙara da kanta. Na so a ce an ba wannan sa'a guda, ba minti biyar ana kallon agogo ba.

Inda bayanin nata ya gaza a ganina shi ne kudu. Nubiyawa sun fito a bakinta a matsayin maharban haya da masu kawo zinariya, sai da na tambaya kafin ta ambaci Karma, babbar masarautar da ke arewacin Sudan, da sarakunan Kush irin su Piye da Taharƙa da suka mulki Masar kanta a matsayin gidan sarauta na 25. Ta san su sarai, ba sa cikin jerin da ta saba bi ne kawai. Indus da Sin kuma ambato ne a mota, ba su sake dawowa ba. Wanda ke son su ya nemi wani wurin.

Ana kiran a fita muka ratsa babban zauren da sauri. Baba ya tsaya gaban wani yanki na rigar Ka'aba, daga zamanin da a Masar ake saƙa ta a kai Makka a kan raƙumi, ma'aikaci na yi mana nuni da ƙofa, shi kuwa yana karanta rubutun zinariyar da bakinsa, harafi ɗaya-ɗaya. Wata uku kafin nan ba ya iya karanta Alƙur'aninsa mai manyan baƙaƙe.

Ga wanda zai sayi irin wannan shiri: a rubuta maka a saƙo, kafin ka biya, cewa ba tsayawa a shagon bardi ko na turare. In da tsoho, ka ga keken a mota da idonka kafin ku tashi. Ɗalibi ya riƙe katinsa na makaranta, da shi Auta ya shiga a rabin kuɗi. Ka tambayi ko jagoran ya karanci ilmin kayan tarihi ne, tamu a Jami'ar Alkahira ta karanta, kuma ka ba shi tukuicinsa a hannunsa, kada ka bi ta kamfani. In kana da ɗan'uwa mai Larabci a garin, ba ka ma buƙatar motar: jirgin ƙarƙashin ƙasa na tsayawa a tashar Sadat, a dandalin Tahrir ɗin kansa, sai ka ɗauki jagora shi kaɗai ka raba gidajen biyu kwana biyu. Haka Auta ya yi da abokansa bayan tafiyarmu, ya turo mini hoton marinar, ramuka a jere cikin jan bulo. Baba kuma ya sa an wanke masa hoton shanun Meketre, yana cikin aljihun babbar rigarsa, yana nuna wa abokan zamansa a ƙofar gida bayan la'asar.